Ƙorafin Sabiru Nagoggo Kan Bulonsa Da Aka Jiƙa A Aji Huɗu

Daga:
Kalilu Mamman, tsohon magatakarda mai ritaya,
a madadin Malam Sabiru Nagoggo, mai buga bulo,
Bakin Hanyar Mota, Kurnar Jatau.

Litinin, 10 ga Yuni, 2024, daidai da 4 ga Zulhajji, 1445.

Zuwa ga:
Mai Girma Sakataren Ilimi,
Ƙaramar Hukumar Zango,
Masarautar Daura, Jihar Katsina.

Ta hannun:
Malam Suhaibu, Hedimastan Makarantar Firamare ta Kurnar Jatau.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: AUNA BULON MAI ƘORAFI, DA KANKARE SHI, DA JIƘA SHI A GABAN ƊALIBAI SITTIN DA UKU BA DA SANINSA BA, DA ABIN DA YA BIYO BAYA

Bayan sallama irin ta addinin Musulunci, da gaisuwar ban girma wadda ta dace da kujerarka, da fatan kai da iyali da ma'aikatan ofishinka kuna cikin ƙoshin lafiya, ina neman izinin Yallaɓai in shigar da kukan wani talakanka.

Mai kukan shi ne Malam Sabiru, wanda aka fi sani da Nagoggo, ɗan shekara hamsin da ɗaya, magidanci, mai 'ya'ya biyar. Karatunsa na allo ne, yana rubuta ajami sarai, amma boko bai bi ta ƙofarsa ba, shi ya sa ya zo zaurena ranar Asabar da hantsi ya ce in ɗauki biro. Wajibi ne in bayyana wa Yallaɓai, kamar yadda aikin magatakarda ya koya mini, cewa ni ba bare ba ne. Mahaifiyata ce goggon da ta raine shi har sunan ya bi shi, akushi ɗaya muka ci, kuma abokin wasana ne na jini. Duk da haka na yi masa alkawarin zan rubuta abin da ya faɗa ba ragi. Maganar ƙari kuwa bai tayar ba, ni ma ban tayar ba.

Ga abubuwan da yake kuka da su:

1. Cewa mai ƙorafi ya shekara goma sha tara yana buga bulo da hannu a filinsa na bakin hanya. Rabin katangun garin nan bulonsa ne. Bangon gabas na aji huɗu, wanda ƙungiyar iyaye da malamai ta sake ginawa shekara biyu da suka wuce bayan tsohon ginin ƙasa ya zube, shi ma da bulonsa aka ɗaga shi. A duk tsawon shekarun nan babu mahalukin da ya taɓa kai ƙararsa gaban mai unguwa. Idan katanga ta faɗi da damina, mai ita yakan ce ruwa ya yi yawa bana, ko magini ya yi gaggawa, ko kuma ya ce ƙaddara ce, ya dawo ya sayi wani. Yana so Yallaɓai ya san irin zaman lafiyar da ake ciki a Kurnar Jatau kafin ranar 6 ga Mayu.

2. Cewa a ranar Litinin, 6 ga Mayu, 2024, Malama Hadiyya, malamar kimiyya da aka turo mana daga Daura a watan Janairu, mace mai sanyin murya wadda ba za a taɓa ɗauka za ta iya taɓa abincin wani ba, ta umarci 'yan aji huɗu kowa ya zo da abu ɗaya daga sana'ar gidansu. Ta ce za su yi mako guda suna duba siffofin abubuwa: tsawo da faɗi, nauyi, kaushi da santsi, tauri, da abin da kowanne yake yi idan ya haɗu da ruwa. 'Yar mai ƙorafi, Fadila, mai shekara goma sha ɗaya, ta dawo gida da gudu ta ce Baba ya ba ta bulo, domin ta riga ta faɗa wa 'yan ajinsu cewa babu abin da za a kawo da zai kai na babanta ƙarfi. Mai ƙorafi ya ji daɗi ƙwarai. Ya amsa mini cewa har gemunsa ya shafa.

A nan akwai bayanin da ya kamata Yallaɓai ya samu. A gaban filin akwai wasu bulo ashirin a jere, waɗanda ake ba mai saye ya ƙwanƙwasa ya ji suna ƙara kamar ƙarfe. Mai ƙorafi ya ce in kira su samfur. A bayansu kuma akwai babban tsibi, wanda daga shi ake yi wa mutane lodi. Ya gaya wa yarinyar ta ɗauki ɗaya daga na gaba, sannan washegari ya yi sammako ya tafi rafi neman yashi. Fadila ta naɗa gammo, ta cicciɓi na gaban, ya ƙi tashi. Ta sake gwadawa ya ƙi. Sai ta zagaya tsibin baya ta taɓa ɗaya, shi kuwa ya hau kanta kamar farantin talla. Kafin ta fita ta samu alli ta rubuta a jikinsa da manyan baƙaƙe: BULON BABANA SABIRU NAGOGGO. Mai ƙorafi bai ɗora wa yarinyar laifi ba. Ya ce laifin na wanda ya koya mata rubutu ne.

3. Cewa a ranar Talata, 7 ga wata, an auna bulon da rula. Bulon inci shida ne, kuma an shaida wa mai ƙorafi cewa inci shida santimita goma sha biyar ne da ɗan ɗoriya. Yara suka samu goma sha uku. Maimakon Malama ta rufa wa dattijo asiri ta wuce gaba, sai ta ce mai awo na gaskiya ba ya yarda da awo ɗaya, kowa ya auna sau uku. Yallaɓai, yara sittin da uku sau uku. Duk suka samu goma sha uku, ban da wani ɗalibi guda da ya samu goma sha biyar, aka duba aka ga ya riƙe rular ta baibai. Mai ƙorafi yana roƙon a lura cewa mazubinsa na ƙarfe ya tsufa, kuma ƙarfe yana motsewa. Na tambaye shi ko tsufa ne ya saka wa mazubin ɗan katako a ciki, ya ce wannan ba ya cikin ƙorafi.

4. Cewa a ranar Laraba an aro sikelin rataye da ake awon jarirai da shi a ɗakin shan magani na gari, aka sa bulon a buhu aka rataya, ya ba da kilo goma sha uku da rabi. Daga nan aka ce yara su rufe ido su shafa kowane abu su faɗi ko mai kaushi ne ko mai santsi. Bulon ya zagaya aji hannu zuwa hannu. Da ya dawo teburin Malama sai aka ga yashi a kan kowane benci, aka share aka tara, ya cika gwangwanin madara biyu har da tozo. Aka sake rataya bulon, ya ragu. Malama ta sa aka rubuta a allo cewa a cikin duk abubuwan da aka kawo, shi kaɗai ne ya rame saboda shafa.

5. Wannan shi ne abin da ya fi ci wa mai ƙorafi rai, kuma da ya zo kansa sai da ya tashi ya zagaya zaurena sau biyu. A ranar Alhamis, 9 ga wata, aka yi gwajin tauri. Ƙa'idar da Malama ta kafa ita ce a goga abu a jikin abu, wanda ya yi wa ɗan uwansa zane shi ya fi tauri. Ɗan maƙeri ya kawo guntun ruwan fartanya. An kawo ɗan dutsen niƙa, da katangar tukunya, da sakaina, da ƙahon rago, da sabulun salo, da alli. Jikar Inna Hadijatu mai ƙuli-ƙuli kuwa ta kawo ƙuli-ƙuli guda ɗaya, irin mai zobe, wanda ya kwana uku.

Mai ƙorafi ba shi da ja a kan ƙarfe, ba shi da ja a kan dutse. Katangar tukunya ma ya haƙura, tunda ta shiga wuta. Amma an goga ƙuli-ƙulin nan a jikin bulonsa, ya ja layi mai zurfi har ana iya kwantar da tsinke a ciki. Aka juya aka goga bulon a jikin ƙuli-ƙulin, bulon ya zube, ƙuli-ƙulin ko gezau. A jerin da yara suka kwafa a littattafansu, wanda ni da idona na gani, bulon Malam Sabiru ya zo na bakwai, a ƙarƙashin ƙuli-ƙuli, a saman alli da sabulu. Mai ƙorafi yana tambaya, cikin ladabi, wace doka ce ta ilimi ta amince a yi amfani da abinci a matsayin ma'auni. Ya ƙara da cewa kowa a garin nan ya san ƙuli-ƙulin Inna Hadijatu ba na mutane ba ne, shi ya cire wa ladan haƙori bara, don haka gwada shi da kayan gini zalunci ne.

6. Cewa a ranar Juma'a, 10 ga wata, da ƙarfe takwas na safe, aka kawo baho aka cika da ruwa. Aka gwada abin da ke nutsewa da abin da ke tasowa, sannan aka zuba gishiri a kofi ɗaya, sukari a kofi ɗaya, aka saka bulon a bahon, aka ɗora agogon Hedimasta a kan tebur ana leƙawa duk rabin awa. An ce da farko bulon ya yi ta fitar da kumfa yana tsuwa kamar mai neman ceto. Ƙarfe tara kusurwoyinsa suka tafi. Ƙarfe goma ruwan ya koma kamar kunu. Ƙarfe goma sha ɗaya da rabi, da aka sa yara biyu su ɗago shi, sai kowannensu ya tashi da rabonsa, na uku ya zauna a ƙasan baho.

Adalci ya sa in rubuta cewa Malama Hadiyya ta tsaya ta yi wa yara bayani dalla-dalla: gishiri da sukari narkewa suka yi, domin sun ɓace a cikin ruwa, shi kuwa bulo wargajewa ya yi, tunda ga yashinsa nan kwance. Sai dai ranar Juma'a ce, an kusa tashi, hankalin yara yana gida. Fiye da rabin aji suka rubuta abubuwa uku masu narkewa a ruwa: gishiri, sukari, bulon Nagoggo. Mai ƙorafi ya dage a sanar da Yallaɓai a hukumance cewa bulonsa ba ya narkewa, wargajewa yake yi. Na ce masa ban ga inda wannan zai taimake shi ba. Ya ce in rubuta, na rubuta.

7. Cewa tun daga wannan rana garin bai koma daidai ba. Yara sun koma yawo da rula da ƙusa da igiya, ba abin da ya tsira. Sun auna zurfin rijiyar masallaci, sun auna mudun masu hatsi har biyu daga cikinsu suka sauya mudu ba wanda ya ce musu uffan, sun bi zoben azurfar da na gada da maganaɗisu, amma ni ba ni da ƙorafi, na dai cire shi na ajiye. Masu tallan Inna Hadijatu sun sauya kira, yanzu abin da ake ji a bakin tasha shi ne a sayi ƙuli-ƙuli wanda ya fi bulo, kuma an ce har Baure ake aikowa a saya. Shi kuwa mai ƙorafi, in ya wuce majalisa sai a tambaye shi ko ya zo da lema, wai kada yayyafi ya same shi.

Ranar Lahadi, 19 ga Mayu, wani Alhaji daga Baure ya zo zai ɗauki bulon ginin shago. Ya ƙwanƙwasa samfur ya yaba, sannan ya buɗe bayan motarsa ya fito da baho da jarka. Mai ƙorafi ya ce rijiyarsa ce ta samar da ruwan da aka buga bulon, don haka bulon ba ya bukatar wani ruwa, suka rabu a haka. Bayan kwana uku wani baƙo daga tsallaken iyaka, wanda ya biyo ta Mai'adua a kan babur, ya tsaya a gaban tsibin baya ya daɗe yana kallo, ya sa hannu a aljihu ya ciro ƙuli-ƙuli. Mai ƙorafi ya rantse bai san yadda labarin aji huɗu ya tsallaka har wata ƙasa ba, alhali takardar neman gyaran rijiyar burtsatse da muka aika tun bara ko garin da ke maƙwabtaka da mu ba ta wuce ba.

8. Cewa a ranar Laraba, 15 ga Mayu, mai ƙorafi ya sa babbar riga ya je makaranta. Hedimasta, Malam Suhaibu, ya karɓe shi da mutunci, ya ba shi kujera, ya aika a kira Malama. Ta zo ta durƙusa ta gaishe shi, ta kira shi Baba, abin da ya ce ya fi zagi ciwo, domin ya shirya faɗa ya rasa inda zai kama. Ta ce ba ta taɓa ambaton sunansa a aji ba, sunan yana jikin bulon ne. Ta ce ita ba ta koya wa yara cewa bulonsa ba shi da kyau ba, ta koya musu yadda ake dubawa ne kawai, abin da suka gani kuma shi suka rubuta. Ta ba shi haƙuri kan baƙin cikin da abin ya jawo, ta ce ya zaɓo kowane bulo daga tsibin da yake sayarwa a sake gwadawa a gabansa, a ranar ma in yana so. Mai ƙorafi ya tuna yana da ta'aziyya a Zango.

Kafin ya fita, Hedimasta ya ja shi gefe ya nuna masa bangon gabas na aji huɗu. Yara sun riga sun kai masa ziyara da ƙusa. Inda filasta ta ɓare, yatsa yana shiga har gaɓa ta biyu. Hedimasta ya ce ba ya zargin kowa, amma daga ranar 'yan aji huɗu za su riƙa karatu a gindin darbejiya har a samu wanda zai duba. Mai ƙorafi yana ganin wannan tozarci ne, domin darbejiyar tana bakin hanya, duk wanda ya wuce sai ya tambayi abin da ya fito da yara waje, kuma yara ba sa ɓoye amsa.

9. Abin da zan rubuta a nan, mai ƙorafi ya ce kada in rubuta. Da nake karanta masa takardar na yi ɗan sauri a wurin.

Ranar da aka jiƙa bulon, Fadila ba ta biyo 'yan uwanta ba. Ita kaɗai ta dawo ta bayan gari, da guntayen bulon a ƙulle a gefen hijabinta. Mahaifiyarta, Zubaida, ta ce yarinyar ta shiga ɗaki ta kwanta ta juya wa ƙofa baya, tuwo ya huce a gabanta. Kwana biyu ba ta yi wa uban magana ba, ban da gaisuwa. Shi ma bai iya kallon idonta ba. Mutumin da ke cin tuwo malmala uku ya koma yana tsakurar ɗaya. Ya faɗa mini, yana kallon tabarma, cewa da zagin majalisa ne kaɗai da ya shanye, don ya saba da bakina tun muna yara, amma yarinyar nan ta ɗauki bulon a kanta ta ratsa gari tana taƙama da shi.

A rana ta uku ta fito da littafinta ta same shi a fili. Ba ta yi masa ƙorafi ba. Ta tambaye shi bulo nawa yake fitarwa a buhun siminti ɗaya. Ya ce wannan sirrin sana'a ne. Ta tsaya. Ya ce siminti ya yi tsada. Ta tsaya. Ya ce tamanin, wani lokaci da 'yan kai. Ta rubuta. Sai ta ce Malama ta koya musu cewa in sakamako bai yi kyau ba, ba a fushi da ma'auni, abu ɗaya ake sauyawa a sake aunawa, kuma ita ta tabbata Baba kuskuren kwaɓi yake yi ba da sani ba. Yallaɓai, na shekara talatin ina rubuta hukuncin alƙalai, ban taɓa ganin an ɗaure mutum da kyakkyawan zato irin wannan ba.

Suka buga kashi uku: na tamanin a buhu, na sittin, da na arba'in da biyar. Ita ta sa musu lamba da gawayi, ita take tsaya masa a kan ban ruwa safe da yamma. Ranar Asabar, 1 ga Yuni, na leƙa ta kan katangar da ke tsakaninmu, wadda ba ta da wuyar leƙawa tunda rabinta ya zube, na ga Malam Sabiru Nagoggo tsugune a gaban baho uku, riƙe da agogo, 'yarsa tana zaune a kan turmi tana faɗa masa lokacin da zai duba. Na tamanin ya bi hanyar ɗan uwansa. Na sittin ya zubar da gefe. Na arba'in da biyar ya wuni a ruwa ya fito yana sheƙi. Ta aiki ƙanenta ya sayo ƙuli-ƙuli, ta goga da iyakar ƙarfinta, ƙuli-ƙulin ya karye biyu. Ihun da mai ƙorafi ya yi sai da awakina suka tsinke igiya. Suka raba ƙuli-ƙulin suka cinye.

10. Cewa an shaida wa mai ƙorafi jarrabawar ƙarshen zango tana tafe a watan Yuli, kuma bana makarantu za su yi musayar takardu, malaman wani gari su duba na wani. Idan aka tambayi abubuwa uku masu narkewa a ruwa, ya san abin da yara arba'in za su rubuta, kuma ya san malaman da za su karanta suna da 'yan uwa masu niyyar gini. Wannan tunani yana hana shi sakat.

11. Cewa a ranar Alhamis da ta wuce, 6 ga Yuni, wajen ƙarfe goma sha ɗaya na safe, hadarin farko ya haɗo daga gabas da iska mai ƙarfi. Hedimasta yana taro a Zango, Malama tana ofis tana ɗauko alli. Da ɗigon farko ya sauka, yaran da ke gindin darbejiya suka kwashi littattafai suka nufi inda suka saba, wato aji huɗu. Shaidu da yawa sun ga mai ƙorafi ya yar da shebur, ya tsallake baro, ya ratsa gonar gyaɗar mai unguwa a guje babu takalmi, mutumin da rabonsa da gudu tun muna satar mangwaro. Ya riga yaran isa. Ya tsaya a ƙofar ajin ya ware hannuwa, yana daka musu tsawa su wuce aji shida. Biyu da suka riga suka shige ya shiga ya fito da su a hammata. Ya tsaya a nan cikin ruwa har aka ɗauke, yana kallon bangon nan, leɓɓansa suna motsi.

Bangon bai faɗi ba, kuma mai ƙorafi ya ce a rubuta wannan da manyan baƙaƙe: BANGON BAI FAƊI BA. Ya ce wucewa kawai yake yi, ruwa ya tare shi. Malama Hadiyya ta kawo masa tawul, ta yi masa godiya, ba ta ƙara ko kalma ɗaya a kai ba. Wannan ma yana cikin abin da yake ƙorafi da shi.

Saboda haka, ranka ya daɗe, mai ƙorafi yana roƙon ofishinka mai albarka da ya duba waɗannan bukatu:

(a) A umarci makaranta ta sake gwajin a fili, ranar da gari ya taru, da bulon da yake bugawa yanzu. Ya yarda a ɗauka daga tsibin baya, kowa ya ga dama ya zaɓa, domin tun makon jiya tsibi ɗaya ne a filin, babu sauran samfur. Bahon ma shi zai kawo.

(b) A sa kowane ɗalibi ya buɗe littafinsa shafin 10 ga Mayu ya soke kalmar narkewa. In an sake gwaji kuma a rubuta sabon sakamakon a ƙasan tsohon, da kwanan wata. Ya so a yage shafin gaba ɗaya, Fadila ta ce ba a yage awo.

(c) In har tambayar abubuwa masu narkewa za ta fito a jarrabawa, a taimaka a ce a kawo guda biyu.

(d) A yi wa makarantu jagora kan matsayin ƙuli-ƙuli a darasin kimiyya.

(e) Da farko ya ce in roƙa a mayar da Malama Hadiyya wani gari mai nisa, inda ake gini da kara. Da muka kai nan sai ya ce in soke. Dalilinsa shi ne, a halin da ake ciki, babu wanda garin nan zai yarda da awonsa sai ita, in ta tafi bulonsa ya zauna a ƙarƙashin ƙuli-ƙuli har abada. Ya kuma ce 'yarsa ta fara maganar za ta zama injiniya, shi bai san me ake ci a wannan aikin ba, amma kada a taɓa mata malama.

(f) Ta ƙarshe, wadda ya ce ita ce ta gaggawa. Yana neman izinin Yallaɓai a rubuce ya rushe bangon gabas na aji huɗu ya sake gina shi da kansa a cikin hutun Babbar Sallah. Bulo ɗari biyu da sittin suna nan a jere a ƙarƙashin buhuna, na arba'in da biyar ne, suna shan ruwa safe da yamma. Ya yi magana da magini, yashi yana ƙasa, ba ya neman komai daga hukuma ko daga iyaye. Sharaɗinsa ɗaya ne, a rubuta a littafin makaranta cewa sadaka ce ya yi wa goggonsa, Allah ya jiƙanta, ba wai bangon yana da wani aibu ba. Ni ɗanta na amince a rubuta hakan. Yana roƙon amsa ta iso kafin Alhamis, domin ya ce gabas ta fara baƙi kullum da rana, kuma ba kowace rana ce zai kasance yana wucewa ba.

Muna roƙon Yallaɓai ya gafarta tsawon wannan takarda da duk inda harshe ya zarce. Allah ya ƙara wa Sakatare lafiya da basira, ya sa a gama da kujera lafiya, ya raya mana yaran nan, masu rula da marasa rula.

Naka mai biyayya,

Kalilu Mamman
Tsohon magatakarda, wanda ya rubuta.

Sabiru Nagoggo
Mai buga bulo, mai ƙorafi, wanda ya sa hannu da ajami a gabana.